Yadda Za Ka Yi Tattakin Safe Kullum Ba Tare Da Ka Rame Ba

Kai da ka haura sittin, kai da nas ta soki yatsanka ta matso jini ta dubi na'urarta ta girgiza kai, gyara zama. An ce sukari ya yi maka yawa. An ce tumbinka yana riga ka shiga coci. An ce daga yau sai tattaki kowace safiya. Kwantar da hankalinka. Ni ne Falaniko na ƙauyen Fagatoa a tsibirin Savai'i, tsohon direban bas, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a zaune kuma ake ce masa sannu da aiki. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka fita kullum, gari duk ya gan ka, iyalinka su yi alfahari da kai, tumbinka kuma ya dawo gida lafiya kamar yadda ya fita.

Mataki na ɗaya: Karɓi hukuncin da fara'a

Kada ka yi gardama a asibiti. Mai gardama shi ake sa wa ido.

Ni nas Telesia ce ta yanke mini hukuncin, yarinyar da na sha ɗauka a bas tana 'yar makaranta. Ta daɗe tana kallon na'urar kafin ta ce, "Baba Falaniko, wannan lambar ba ta mutum ba ce. Ta rake ce."

Na yi dariya. Matata Makerita ba ta yi ba. Wannan ciwon ne ya fara cin yatsan ƙafar yayanta, daga nan aka yanke ƙafar daga gwiwa, ita ce kuma ta riƙa tura shi a keken guragu har ya rasu. Da muka kusa gida ta juyo ta dube ni.

"Tsoho," ta ce, "na tura keken yayana har bayana ya ƙage. Ba zan tura naka ba. Ka ji ni da kyau."

A irin wannan lokacin ne ake gane gwani. Ɗan koyo zai ce gwiwarsa na ciwo. Kai dafa ƙirji za ka yi ka ce, "Ai da ma abin yana raina. Gobe-goben nan zan fara." Ka faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Mataki na biyu: Sa takalmi ya yi maka rabin aikin

Buga wa 'yarka da ke birnin Auckland can ƙetare waya. Ka gaya mata cikin sanyin murya cewa an sa ka tattaki, amma ba komai, za ka lallaɓa da tsohon silifas ɗinka. Ba za a daɗe ba fararen kambas za su iso, masu ɗaukar ido. Nawa da suka zo sai da fasto ya fara gaishe su kafin ya gaishe ni.

Haɗa su da zaninka mai furanni irin wanda mazan tsibirin nan ke ɗaurawa, da tawul a wuya, da sanda. Sandar ta karnuka ce. Karnukan Fagatoa ba su yarda mai hankali zai kama tafiya ba dalili ba, kuma a wannan ina tare da su. Tawul ɗin kuwa ka jiƙa shi a famfo kafin ka fita. Mai jiƙaƙƙen tawul ba a tambayarsa daga ina.

Mataki na uku: Bi hayaƙi

Hanya ɗaya gare mu, teku a hagu, gidaje a dama, gidajen kuma ginshiƙai ne da rufi, ba bango. Wawa zai nemi wurin ɓuya ya kwanta. A ina? A garin da daga ƙofar coci ake ganin wanda ya juya a tabarmarsa? Kada ka ɓuya. Fito fili, daidai lokacin da hayaƙi ya fara tashi daga madafai.

Kai ma ka san tarbiyyarmu. Duk wanda ya gan ka kana wucewa alhali tukunyarsa na kan wuta dole ya kira ka, kai kuma in ka ƙi ka wulaƙanta kakanninsa. Ba ni na kafa dokar ba. Ni dai mai biyayya ne.

Gidan farko na Pelenatete ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da kaskon fanke mafi albarka a tsibirin nan. Rage sauri. Yi ɗan tari.

"Falaniko! Shigo ka ci fanke!"

"A'a, ina kan dokar nas," za ka ce, kana kwance igiyar kambas.

Lura da kyau: baki ya ƙi, amma jiki ya riga ya zauna. Fanke da zafinsa, ga baƙin shayin koko, wato na cakulan, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Gaba kaɗan gidan Tuala ne, masu dafa ɗanyar ayaba cikin madarar kwakwa. Gaba da su akwai masu ɗumama gwazar jiya da naman gwangwani. Tsakanin gida da gida ka taka da gaske, kana wurga hannu, saboda masu kallo. Ba nisa. Za ka iya.

Mataki na huɗu: Dawo kamar wanda aka koro

Shayi mai zafi zai ba ka gumi na gaskiya. Shigo gida kana haki, ka dafe ginshiƙi.

"Har ina ka kai?" in ji Makerita.

Kada ka yi ƙarya, ƙarya zunubi ce. Ɗaga hannu ka nuna yamma gaba ɗayanta ka ce, "Bari kawai."

Za ta ajiye maka abin da nas ta yarda da shi, wato yankan gwanda da shayi ba sukari. Ɗan taɓa ka ture. Tawa da ta ga haka sai ta tsaya da butar shayi a hannu ta ce, "Ikon Allah. Har cin ma ya ragu." Ta shafa kaina, abin da rabonta da shi tun ina da gashi.

A nan wani abu zai ɗan soke ka a ƙirji. Kada ka tsorata. Fanke ne.

Mataki na biyar: Samu abokin sirri

Ko ba daɗe ko ba jima za a kama ka, don haka yi addu'a mai kama ka ɗin ya kasance yana jin yunwa. Ni Simanu ne ya kama ni, tsohon malamin firamare mai siraran ƙafafu da tumbi kamar ya haɗiyi ganga. Shi ma nas ta ɗora masa tattaki. Ya same ni a tabarmar Pelenatete, baki duk maiƙo.

"Direba, wannan ne tattakin?"

"Malam, zauna. Akwai saura."

Ya dubi hanya, ya dubi kasko. "A ilimance," ya ce yana naɗe ƙafa, "tauna ma motsa jiki ce. Muƙamuƙi ai gaɓa ne."

Ka ga amfanin tafiya da mai ilimi. Daga ranar muka zama biyu, kowa shaidar ɗan'uwansa. In matarsa ta tambaye ni, in ce Malam ya kusa kashe ni da sauri. In tawa ta tambaye shi, ya ce bai taɓa ganin mai juriya irina ba, kuma a kan fanke gaskiya ya faɗa.

Mataki na shida: Guji yabo kamar yadda kake gudun allura

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka buɗe kunne.

Wata Lahadi fasto ya hau mumbari ya ce jiki amana ne, kuma akwai bayin Allah biyu a cikinmu da ke kula da tasu amanar kowace safiya. Ya sa muka miƙe aka tafa mana. Makerita tana layin mata cikin farar hularta tana share ido.

Kafin wata Lahadin ƙungiyar matan gari ta zauna ta yanke cewa duk tsohon da ke Fagatoa zai bi mu. Aka buga mana riguna ruwan ɗorawa, aka rataya mini usur a wuya, aka ce ni ne jagora. Makerita ba za ta zo ba don ita ke kula da jikoki da safe, amma ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga mana hannu.

Mun kai mu ashirin. Har da Iya Lupe, wadda ta doshi casa'in, ta binne maza biyu, ba haƙori ko ɗaya a bakinta amma bakin yana yanka.

Na busa usur muka tashi. Simanu ya matso ya raɗa mini, "Direba, yau asirinmu ya tonu. Mu wuce gidan nan da sauri."

Ina! Pelenatete ta hango farin kambas, bakinta ya riga idonta. "Falaniko! Shigo ka ci..." Sai ta ga rundunar da ke bayana. Mataci ya tsaya cak a hannunta.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai Iya Lupe ta buga sandarta a kwalta.

"An kira mu ko ba a kira mu ba?"

"Iya, ai nas ta ce..."

"Nas ɗin da ni na karɓi haihuwar uwarta? Kauce mini, ɗan nan."

Ta shige ta zauna. Sauran suka bi ta kamar an buɗe wa kaji akurki. Ashe duk tsofaffin garin gwanda ta ishe su. Wani dattijon coci guda ya riƙe hannuna, fanke a ɗaya hannun, ya ce, "Falaniko, Allah ya yi maka albarka. Da na san haka tattaki yake, da tuni na fara."

Ba wanda ya kai labari gida. Kowa bakinsa cike yake.

Mataki na bakwai: In an fara sauke labule, ƙara gaba

Ƙauye ɗaya ba ya iya ciyar da tsofaffi ashirin kowace safiya. Ba a jima ba muka ga canji. Ina busa usur sai ka ga labulen kaba na sauka gida bayan gida kamar hadari ya taso. Hayaƙi ya ɗauke. Mutanen gidan Tuala da zarar sun hango ruwan ɗorawa sai su zube su kama addu'a, ba sa cewa amin sai mun ɓace. Pelenatete ta kwashe kaskonta ta koma suya a cikin gonar ayaba.

Kada ka karaya. Akwai ƙauye na gaba, a can kuma ku baƙi ne, haƙƙin baƙo kuwa ya ninka na ɗan gari.

Tsakaninmu da su akwai filin baƙin dutse, ba inuwa ba gida. Za ka ce me ya hana mu hau bas? Ai bas ɗin da na tuƙa ne ma, amma yanzu ɗan ƙanen Makerita ke jan sa. Yana ganinmu sai ya danna hon, fasinjoji su leƙo suna tafi suna cewa, "Sannunku, iyayenmu!" ya wuce ya bar mu da hayaƙi. Haka muka taka da ƙafa muna ɗora wa juna laifi.

Amma fa an karɓe mu! Aka shimfiɗa sabbin tabarmi, Simanu ya miƙe ya yi jawabin gaisuwa tun daga kakannin kakanni, aka kawo kifi da gwaza da ganyenta cikin madarar kwakwa. Muka ci muka gode wa Allah. Matsala ɗaya ce: kafin mu sake tsallake dutsen mu iso gida, abincin ya bi iska.

Su ma ba su daɗe ba suka gane mu. Sai na daina busa usur, muka riƙa shiga garin a sace, masu sanda a baya saboda ƙwanƙwasa. Da wannan dabarar ta daina ci, muka wuce su zuwa ƙauye na uku. Da na ukun ya koyi sauke labule, muka nufi na huɗu, inda wani cikinmu ya tuna yana da surukan ƙanin matarsa. Kada ka raina irin wannan dangantaka. Ta ciyar da mu har sau biyu.

Mataki na takwas: Kada ka bi hancin Iya Lupe

Wata safiya duk ƙauyukan suka rufe mana. Muna tsaye a bakin hanya ciki na kuka, sai Iya Lupe ta ɗaga hanci.

"Alade," ta ce. "Ana gasa alade a kan tudu."

Can sama, bayan gonakin kwakwa, wani siririn hayaƙi na tashi. Simanu ya ce, "Iya, wancan ai rabin hanyar sama ne."

"To zauna nan ka ci ilimi."

Muka hau. Tsofaffin da a gida sai an kama hannunsu suke tashi daga tabarma suka riƙa damƙar saiwa suna jan jiki. Dattijon cocin nan yana rera waƙar yabo tsakanin haki da haki. Wata tana tura mijinta ta baya da ka. Rana ta take muka isa, muka tarar da wani mutum shi kaɗai yana ƙona ɓawon kwakwa. Ya dube mu, tsofaffi jiƙe sharkaf cikin ruwan ɗorawa, kowa yana leƙa bayansa. Sai ya miƙo mana abin da yake da shi, ruwa a jarka.

Muka sha. Muka zube a ciyawa. Daga nan ana ganin teku gaba ɗaya, da farin kumfa inda take karyewa, da rufin cocinmu ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana. A gindin tudun nan aka haife ni, ban taɓa hawansa ba sai ranar. Iya Lupe ta daɗe tana kallo. Ta ce a nan ne mijinta na farko ya fara tsayar da ita tana budurwa, ta ɗauka ba za ta sake ganin wurin ba sai dai a mafarki.

Can ta ƙara da cewa, "Amma dai na ji ƙamshin alade."

A hanyar saukowa Simanu ya ja birki ya sunkuya yana kallon silifas ɗinsa. "Direba, zo ka gani. Waɗannan yatsun ƙafata ne?"

"Naka ne, Malam."

"Rabona da su tun ina koyarwa. Kai, sun tsufa."

Mataki na tara: In nas ta yi murmushi, ka shiga uku

Ranar komawa asibiti Telesia ta soki yatsana, ta dubi na'ura, ta jijjiga ta, ta sake sukan wani yatsan.

"Baba, me kake yi haka?"

"Bin doka, 'yata."

Lambar ta sauko. Ta ce ban warke ba, magani na nan, tattaki na nan, amma in na ci gaba a haka ƙafata tawa ce. Makerita ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Da yammar ranar ƙungiyar mata ta zauna. Makerita ta miƙe za ta gode wa Allah a kan mijinta, sai Pelenatete ta riga ta. Ni ba na wurin, amma zauren taron ba shi da bango, Pelenatete kuma ba ta da ƙaramar murya. Ta faɗi na fanke. Ta faɗi na gonar ayaba da sauron da ya cinye ta a can. Matar Tuala ta ce gwiwoyinsu sun yi kanta saboda addu'ar dole. Har saƙon ƙorafi daga ƙauye na uku aka isar.

Makerita ta dawo ta same ni ina wanke kambas da matuƙar ƙwazo.

"Tsoho."

"Na'am."

"Gaskiya ne?"

"Wanne daga ciki?"

"Ina nan kullum ina roƙon Allah ya ƙara maka ƙarfi," ta ce a hankali, "ashe ƙarfin tauna yake ƙara maka."

Kada ka kare kanka. Kada ka kawo maganar lamba. Ci gaba da wanke takalmin, ko da ya riga ya fita.

Mataki na goma: Bi kwando

Washegari na fito na tarar da ita a bakin hanya cikin riga ruwan ɗorawa. Ta kai jikoki gidan maƙwabta. A hannunta akwai kwandon kaba an rufe da ganyen ayaba, ƙamshin gasasshen kifi na fita ta ko'ina. Tsofaffi duk sun kewaye ta suna haɗiyar yawu.

"Ba ni usur," ta ce. Na ba ta.

"Daga yau ba wanda zai sake shiga gidan kowa. Kwandon nan sai a can ƙarshen baƙin dutse za a buɗe shi, inda hanya ta lanƙwasa. Wanda bai kai ba ya ci ƙamshi."

Ta busa, ta shige gaba, muka bi. Labulaye suka riƙa ɗagawa ana leƙenmu. Pelenatete ta fito har bakin hanya ta ce Allah ya kiyaye, kuma ban taɓa jin addu'ar da ta fito daga zuciya kamar wannan ba.

Ba mu yi rabin hanya ba na lura ni ne a gaba. Na waiwaya. Makerita ta tsaya can baya ta dafe ƙugu tana haki, kwandon a ƙasa. Shekara da shekaru tana fama da gida, da jinyar yayanta, da ni, ba wanda ya taɓa cewa ita ma ta miƙa yatsa a soka. Na koma na ɗauki kwandon.

"Kar ka buɗe."

"Ban buɗe ba."

Ta kama hannuna ta ɗan jingina. "Rage sauri, tsoho," ta ce. "Ba na iya cim maka."

Na rage. Iya Lupe ta zo ta wuce mu tana ƙwanƙwasa sanda, tana cewa in soyayya za mu tsaya yi mu ba ta kwandon.

Ba ruwana

Tsarin nan ba shi da aibu, mutane ne suka lalata shi. Don haka duk wanda ya bi shi ya wayi gari maƙwabta na kashe wuta in sun hango shi, ko zaninsa ya zame a tsakiyar waƙar coci, ko ya sami kansa yana tashi da sassafe ba wanda ya tashe shi, ruwansa. Ni ba likita ba ne, direba ne, kuma ko a bas ban taɓa yi wa fasinja alkawarin halin da zai sauka a ciki ba. Mai ƙorafi kada ya zo gidana da safe, ba ma nan. Ya biyo hanyar bakin teku, ya nemi tsoho mai ɗauke da kwando da tsohuwa riƙe da hannunsa. Ya zo da ƙafa, kuma ya zo da nasa kifin.